Ƙiba za ta hana a yi wa maigidana tiyatar kansar tumbi ta ƙananan huji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Jos nake. An gano kansa a tumbin maigidana. Nauyinsa kilo 128, tsayinsa mita 1.70, ga ciwon suga. Mun ji ana tiyata da kyamara ba sai an farke ciki ba, amma 'yan'uwa sun ce sai ya rame tukuna. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A lissafinmu na kwatanta nauyi da tsayi, awon ƙibarsa ya kai 44, kuma daga 40 muke cewa ƙiba ta yi tsanani. Duk da haka ba ta hana wannan aiki. Kada ku sa shi yunwa kuna jiran ya rame, kansa ba ta jira, kuma yana bukatar ƙarfin da zai warke da shi.

Ana huda cikin mutum a wuri huɗu ko biyar, a hura iska ya kumbura, a zura kyamara da dogayen kayan aiki. Likita Seigo Kitano na Japan ne ya fara ba da rahoton yi wa mai kansar tumbi irin wannan aiki a 1994. Mai teɓa ma ya fi cin moriyarsa, domin doguwar yanka cikin kitse ita ce ke yawan ruɓewa ko ɗinki ya saki, balle da suga. Da ƙananan huji yakan tashi ya taka da wuri, abin da ke rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu.

Wahalar tana wajen likita. Ba tumbi kaɗai ake cirewa ba, har da kaluluwar da ke kewaye da shi, aƙalla 16, don a san inda cutar ta kai. A jikin mai ƙiba duk suna binne cikin kitse rawaya mai santsi, ka kama ya yage ya yi jini, ga hanta ta yi nauyi ta rufe hanya. Aikin yakan daɗe. Manyan binciken da suka nuna wannan hanya ba ta gaza farke ciki ba an yi su ne a Koriya, Japan da Sin, inda yawancin marasa lafiyar ba su da jiki irin nasa.

Shi ya sa nake cewa ku tambayi likitan kai tsaye, sau nawa ya yi irin wannan da kyamara? In hannunsa ya fi sabawa da farkewa, gara ya farke ya kwashe cutar tas. Ko an fara da kyamara ana iya komawa buɗewa, ba kuskure ba ne.

Kafin nan a yi hoton CT, domin wani sai an fara masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. A daidaita sugansa, kuma in yana minshari har numfashi na ɗaukewa, ki gaya wa likitan da zai sa shi barci.