Idan koci da mataimakinsa suka saɓa kan ajiye tsohon ɗan wasa a benci

Ɗan'uwa, ka tambaya wa ke da ta cewa idan mataimaki na son tsohon ɗan wasa ya buga, koci kuma ya ƙi. Koci ne, domin shi ake kora idan ƙungiya ta sha kashi. Mataimaki ya faɗi ra'ayinsa a ofis, ƙofa a rufe. Da zarar maganar ta isa ɗakin sauya kaya, 'yan wasa sun rabu gida biyu ke nan.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen sanar da ɗan wasan. A kira shi kwana ɗaya kafin wasa, ido da ido, a nuna masa bidiyo da alƙaluman gudunsa na atisaye, a faɗa masa rawar da zai taka, ko da minti 20 ne na ƙarshe. Kada mutum mai shekara 35 ya tsinci sunansa cikin 'yan benci a allo.

Dubi Manchester United. A Oktoban 2022 Ronaldo ya ƙi shiga wasan Tottenham a matsayin canji, kocin ƙungiyar na lokacin, Ten Hag, ya cire shi daga tawagar wasan Chelsea, kafin ƙarshen Nuwamba an soke kwantiraginsa.