Gam ya daina kamawa alhali haɗinsa bai canza ba

Tambaya: Ina aikin haɗa gam irin na salatif da sitika. Mukan cakuɗa roba da ƙaro da ɗan silikon, mu juya sosai. Da farko yana kamawa ƙam, amma in ya yi makonni a ajiye sai ya riƙa saki. An auna haɗin, komai na nan. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, cikin gam aka auna maka, shi kuwa kamu a fuska ake yin sa, a 'yar shimfiɗar da kaurinta nanomita kaɗan ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Wannan fuskar ba lallai ta yi kama da ciki ba.

Kowace polima, wato abu mai dogayen ƙwayoyi irin su roba da silikon, tana da abin da ake kira ƙarfin fuska. In aka haɗa biyu, mai ƙarancin ƙarfin ita ke lallaɓowa ta mamaye inda gam ya haɗu da iska. Ba irin tasowar mai a kan ruwa ba ce, nauyi ba shi da hannu a ciki. Ƙarfin fuskar silikon wajen 20 ne a ma'aunin milinyuton kan mita, na polistirin (wani nau'in filastik) wajen 40, na ruwa 72. Shi ya sa silikon ko bai kai kashi 1 cikin 100 na haɗi ba zai iya lulluɓe fuskar. Ka tuna fa da shi ake shafe takardar bayan sitika, don kada ta kama.

Gajerun ƙwayoyi ma suna tasowa, sun fi dogaye saurin tafiya: ƙaron da ya fi ƙarfin abin da robar za ta iya ɗauka, man tausasawa, da sinadarin sabulun da ke cikin gam na ruwa. Su ke taruwa su zama shimfiɗa mai rauni, wadda masani Bikerman ya yi bayaninta tun shekarun 1960. Zafi kuwa ƙara musu gudu yake yi.

Ƙara juyi ba magani ba ne, ko ka kwana kana juyawa za su sake rabuwa. Ni da silikon zan fara: ka yi haɗi ɗaya babu shi, ka ajiye tare da na da a wuri mai ɗumi. Ɗiga ruwa a kan kowanne bayan mako biyu. Wanda ɗigon ya fi dunƙulewa a kansa, wani abu mai ƙin ruwa ya hau fuskarsa. In kana da hanyar ɗakin gwaji, na'urar XPS tana karanta nanomita 10 na sama, za ta nuna maka ko silikon ne. In ba shi ba ne, rage ƙaron, ko ka nemi wanda ya fi jituwa da robarka.