Yadda dutse ya kwanta

Ka ce ba ka ga amfanin juya kowane dutse kana neman layukansa kafin ka ɗora shi a gini ba. To ajiye cokalin, yaro, ka ji abin da ya sami Majalisar Dokokin Birtaniya da ke Westminster, a bakin kogin Thames a Landan.

A watan Oktoban 1834 gobara ta cinye tsohuwar fadar da majalisar ke zama a cikinta. Tsofaffin sandunan lissafin haraji aka yi ta cusawa a murhu har wuta ta fi ƙarfinsa. Babban zauren nan na Westminster Hall, da aka gina tun 1097, ya tsira da rufinsa na katako. Charles Barry ya ci gasar zanen sabon gini, Augustus Pugin ya riƙe ɓangaren ado, aka aza harsashi a 1840. Aikin ya ci wajen shekara 30, su biyun duka ba su ga ƙarshensa ba.

Sai da aka kafa kwamiti har da masana duwatsu kafin a zaɓi dutsen Anston, daga Yorkshire. Yana da araha, ana samun manyan gunduwoyi, ga sauƙin sassaƙa. Amma irin wannan dutse hawa-hawa ya taru a ƙasa, kamar ganyen littafi. In ka kwantar da shi yadda Allah ya kwantar da shi, nauyin gini sai ya danne layukan su ƙara haɗewa. In ka tayar da shi tsaye, ruwa ya sami hanya, sanyi ya daskarar da ruwan, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Sauri ake yi a wurin haƙa, ba a tsaya tantancewa yadda ya kamata ba, wasu gunduwoyin aka ɗora su a karkace. Ga kuma hayaƙin kwal na Landan yana cin dutsen dare da rana. Tun a 1849, ana cikin ginin, aka fara ganin lalacewa.

Mutane sun fi ɗora laifin a kan hayaƙi. Ni dai a ganina maginan ma suna da nasu kason.

Daga baya aka koma ga dutsen Clipsham na Rutland, aka fara cire ruɓaɓɓun a shekarun 1930. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, bam ya rushe zauren wakilai a 1941, sai cikin shekarun 1950 aka kammala sauya duwatsun.