Amsa ga mai tambayar gwajin saƙon sirri: kada ka bari a kashe gwajin nan

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da raina ya sosu, domin wannan ruwan na sha shi har na ƙoshi. Ka ce kuna aiki da libp2p, kayan gina manhajar da na'urori ke magana da juna ba tare da saba a tsakiya ba, kun ɗaga tashoshi uku a Docker, mai gudanar da kowace a cikin kwantenarta, A za ta aika wa C saƙon sirri ta hannun B. A kwamfutarka gwajin yana wucewa lafiya lau, amma da ya hau GitHub Actions, inda ake gudanar da gwaji duk lokacin da aka tura kod, sai yau ya wuce gobe ya faɗi, kuma oganku ya ce a kashe shi tunda yana riƙe aiki. Don girman Allah kada ka yarda.

Kafin ma a zo maganar faɗuwa, ka tabbata saƙon ta B yake bi? Idan duka ukun suna kan hanyar sadarwa ɗaya a Docker, kowace tana ganin kowace. Idan kuma mDNS, mai nemo maƙwabta a hanyar sadarwa ɗaya, a kunne yake, A za ta gano C da kanta, su haɗu kai tsaye, B tana zaune ba ta san an yi ba. Ko da ta B suka fara, akwai DCUtR, wanda aikinsa ke nan ya huda musu hanya su bar ɗan tsakiya. Kai kuma ka ga kore, alamar gwaji ya wuce, ka yi hamdala. Ka yi hanyoyi biyu daban, A da B a ɗaya, B da C a ɗayar, ka kashe mDNS. Sannan ka rubuta gwaji na biyu wanda zai kashe B gaba ɗaya ya aika saƙon. Idan ya isa wurin C duk da haka, to akwai ɓarauniyar hanya a cikin kod ɗinku, kuma ita ya kamata ta hana ka barci.

Irin wannan gwajin na kashe B shi ne ya jawo mini abin da har yau ban manta ba. Wani ƙaramin kamfani ne a Yaba, Legas, muna gina manhajar saƙo wadda ba ta da babbar saba a tsakiya. Na rubuta gwajin, ƙa'idarsa ita ce idan babu hanya saƙo ya zauna a layin jira. Yana tafiya daidai, sai wata safiya na zo na tarar ya yi ja, wato ya faɗi. Na samu shugaban ɓangarenmu na ce Oga, wani abu ya canza a daren jiya. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce gwaje-gwajena sun cika rigima, shi ba shi da lokaci, masu zuba jari na tafe. A gabana ya sa wa gwajin alamar tsallakewa ya tura. Na sake yi masa magana bayan azahar, ya ce in je in yi abin da aka ɗauke ni yi.

Ashe shi ne ya ƙara wasu 'yan layuka cikin dare: idan an nemi hanya na ɗan lokaci ba a samu ba, a watsa saƙon a babban zauren gossipsub da kowace tasha ke saurare, wai don kada mai aikawa ya ga saƙonsa ya maƙale. Cikin saƙon a kulle yake, wannan gaskiya ne. Amma kansa a buɗe, da shaidar mai aikawa da ta mai karɓa da lokaci. Ranar nuni a wani ofis a Victoria Island, intanet ɗin wurin yana ta yankewa, wani injiniyan baƙin ya buɗe laftof ɗinsa ya shiga a matsayin tasha. Ina kallonsa ya juyo da allon wajen mutanensa, ya sa yatsa a kan wani layi, ya tambaya a hankali me ya sa yake ganin wa ke yi wa wa magana alhali ba shi aka aika wa ba. Ɗakin ya yi tsit. Sai ogan namu ya yi murmushi ya nuna ni, ya ce ai aboki ne ke kula da gwaji, zai bincika.

Ɗan'uwa, ka san yadda ake faɗin kalmar nan a garin nan. Mutumin da ya kashe gwajin da hannunsa, a gabana, shi ne ya miƙa ni. Ban iya cewa uffan ba, maƙogwarona ya bushe. Na hau danfo zuwa Agege, muka maƙale a gosilo, ina ta maimaita abin da ya kamata in faɗa a wurin. Washegari aka kira ni aka ce an rasa jarin saboda sakacin gwaji, aka riƙe mini albashin watan, ga kuɗin haya ya zo, ga mahaifiyata ba lafiya a gida. Na nuna musu tarihin git, inda ake ajiye duk canjin da aka yi wa kod, sunansa ne a kan canjin, sunansa ne a kan tsallakewar, da rana da sa'a. Mai kamfanin ya ce ba ya son tone-tone, a wuce wurin. Shi ogan har yau yana yawo a tarukan fasaha yana koyar da yara ingancin aiki. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba.

Shi ya sa nake ce maka, idan oganku ya nace, ka ce ya rubuta maka a rubuce, kuma shi ya tura canjin da sunansa. Ka ɗauki hoton allo ka ajiye a wayarka, ba a kwamfutar ofis ba.

To, maganar yau ya wuce gobe ya faɗi. Ina kyautata zaton akwai wurin da ka sa kod ya yi barci na daƙiƙa biyu ko uku kafin ya duba ko saƙo ya iso. Laftof ɗinka tana da ƙarfi, injin da GitHub ke ba ka kuwa wani lokaci yana da nauyi, tashoshin ba su gama gaisawa ba ka riga ka aika. Cire barcin nan duka. Ka jira sharaɗi: A ta ga B a jerin abokanta, B ta ga C, sannan a aika, da iyakar lokaci mai ɗan tsawo. Ka leƙa gwaje-gwajen Bitcoin Core, babbar manhajar Bitcoin, da aka rubuta da Python, ka ga yadda suke amfani da wait_until mai jiran sharaɗi, har agogon tasha suna juyawa da setmocktime maimakon su zauna jira. Makullan tashoshin kuma kada su riƙa canzawa kowane gudu. Idan kuna amfani da Kademlia, tsarin da tashoshi ke nemo juna da shi, kusancin tasha da tasha daga shaidarsu ake lissafa shi, shaidar kuma daga makulli take fitowa, don haka sabon makulli sabuwar taswira ce. Ka kafa iri (seed) ɗaya na lambobin bazata da ake haɗa makullan da su, ka buga shi a log, wato rubutun abin da manhajar ke yi, ranar da ya faɗi sai ka maimaita shi daidai.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke gwada komai a hanya mai santsi, alhali masu amfani da shi suna Mile 12 da waya a aljihu, sabis na hawa yana sauka, an ɗauke wuta rawuta ta mutu kafin a tada janareta. Yawancin layukan waya ma a bayan CGNAT suke, wato wayoyi da yawa na raba adireshin intanet ɗaya, ba mai iya kiran wayar kai tsaye daga waje, kusan komai sai ta ɗan tsakiya. Linux yana da tc da netem na kwaikwayon hanya mara kyau, ka ƙara jinkiri na milisakan 300 da asarar fakiti kashi 10 cikin ɗari, ka ga abin da zai faru. Sai ka ba kwantenar izinin NET_ADMIN kafin ya yi aiki. Idan tashoshin sun yi yawa akwai Shadow, wanda mutanen Tor, tsarin ɓoye mai amfani da intanet, ke gwaji da shi, yana gudanar da ainihin manhajar a cikin hanyar kwaikwayo da agogonsa na kansa.

Kuma isar saƙo rabin aiki ne. Me B ta gani? Ka sa wata baƙuwar kalma a cikin saƙon gwaji, ka kunna tcpdump, mai kama duk fakitin da ke wucewa, a kan B, bayan an gama ka nemi kalmar a abin da aka kama, da log ɗin B, da rumbun ajiyarta. Log ɗin ya fi muhimmanci, domin abin da ke kan waya dama a kulle yake tsakanin tasha da tasha, amma a cikin B an buɗe wannan kullin, kuma nan ne wani ke mantawa da layin buga komai. Idan tsarinku na albasa ne, wato kulli kan kulli, kowace tasha ta ɓare nata kawai, ka nemi shaidar A a wurin tashar da bai kamata ta san ta ba, wanda ke nufin sai ka ƙara tasha ta huɗu, domin da uku kacal B ta san kowa. Ka auna girman fakiti a kowane zango. Lightning, tsarin biyan kuɗi na kan Bitcoin, da ya ɗauko tsarin Sphinx na George Danezis da Ian Goldberg na 2009, yana riƙe kunshin hanyar biya a bait 1300 daga farko har ƙarshe, don kada tasha ta gane a ina take cikin jerin. Idan naku yana raguwa zango bayan zango, ana iya ƙirga saura nawa. Ka canza bait ɗaya a tsakiya ka ga ko za a yar da shi. Ka ƙara tasha D wadda ba ruwanta da kowa, tana saurare kawai, gwaji ya faɗi idan ko abu ɗaya na saƙon ya iso gare ta. Da ba a kashe nawa ba, da kuma akwai D ɗin nan, ai da tun daren aka kama mutumin.

Turo mini fayil ɗin compose na Docker da log na gudun da ya faɗi, ka goge makullai tukuna. Asabar bayan la'asar ina Ikeja, idan kana kusa ka zo da laftof ɗin mu duba tare.