Amsar tambayar injin sanfefa da giranda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, janareton maƙwabcina ne, tun hantsi ba mu ga wuta ba nan Jekadafari.

To, ƙanena da ya ce ya sayo injin sanfefa na hannu, mai bel ɗin nan, yana tambayar me zai kiyaye, kuma wai ko zai iya ɗaura faifan zarto a jikin giranda, wato injin hannu na yanka da gugar ƙarfe, tunda kuɗin injin yanka bai samu ba. Allah ya sa albarka, ya sa ka ci moriyarsa.

Kafin ka jona shi, juya shi ka karanta rubutun da ke jikinsa. In ka ga 120V, ɗan Amurka ne, wutarmu kuwa 230 ce. Sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba kana kunnawa zai yi hayaƙi, kuɗinka sun tafi.

Amma abin da ya sa na ɗauki waya ma shi ne wannan. Irin injin naka yana da ɗan maɓalli a gefen makunni, in ka danna sai ya riƙe, ya yi ta aiki ba sai yatsanka na kai ba. Wata rana yaron shagona yana gugar ƙofar maɗaci, ya danna maɓallin, sai aka ɗauke wuta. Ya ajiye injin a kan ƙofar yadda yake, muka tafi sallar azahar. Mun dawo ke nan, ina tsaye ƙarshen benci ina neman fensir, aka kawo wuta. Wallahi injin nan ya zabura kamar ɗan akuyan da ya tsinke igiya, ya bi tsawon ƙofar a guje, ya faɗo kan ƙafata yana juyi. Silifas ne a ƙafata. Fatar ta tafi, sati uku ban sa takalmi ba, ƙofar mutane kuma ta sami rami sai da na sake fere ta. Ban zagi yaron ba, don ni ne ban koya masa ba. Tun ranar doka ce a shagona: wuta ta tafi, ka kashe, ka zare filogi. Za ka canja bel, ko faifai, ko bakin injin huda, sai filogin yana kan benci idonka na ganinsa. Kashe makunni kawai bai ishe ni ba.

Na ce filogi fa. Wannan cusa tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana, a daina. Filogi mai ƙafa uku nawa yake?

Wajen aikin kuwa, ɗaga shi sama ka kunna, in ya ɗauki gudu ka sauke shi a hankali kana tafiya da shi, ka bi yadda jijiyar katakon ta kwanta. Kada ka danne, nauyinsa ya isa. A cikin bel akwai kibiya, ka daidaita ta da wadda ke jikin injin. Fara da bel mai lamba 60 ko 80, ka koma 120, ka ƙarasa da 180 ko 220. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Ƙaramin katako ka matse shi da kilam, don in ka riƙe da hannu zai harba shi. Waya ka rataye ta a kafaɗa. Kuma ka lalube ƙusa tukuna, tana yaga bel, tana ba da tartsatsi, ga gari a jakar injin, ga galan ɗin tina, ruwan sirka fenti, a gefe. Mun san yadda gobara take yi wa kasuwar katako.

Hannun kaftani a naɗe. Carbi a aljihu. Safar hannu ma ba ta da wuri kusa da abin da ke juyawa, ita za ta ja maka yatsu ciki.

Sai ƙura. Mu nan mun raina ta, mun ce ai ta hunturu ma muna sha. Ba ɗaya ba ce. Garin katakon loko yana jawo asma da ƙaiƙayin fata, allon MDF kuma, na garin katako da ake matsewa, da gam mai sinadari aka haɗa shi. Tsohon fenti wani akwai dalma a ciki, kuma ku tuna dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, a can ta ƙurar dutsen zinariya ta shiga gidaje. Kai ma in ka koma gida da rigar aiki ka ɗauki ɗanka, ka kai masa. Takunkumin shuɗin nan na lokacin korona ba ya tare wannan ƙura yadda ya kamata, nemi mai rubutun N95 ko FFP2, ka matse wajen hanci. Ni yanzu in na kwanta da dare ƙirjina har fito yake yi.

Batun zarto a giranda, a'a. Ko Oga ne ya ce ka yi, ka ba shi haƙuri. Ƙaramar giranda mai inci huɗu da rabi tana juyi kusan 11,000 a minti ɗaya, ninkin injin yanka ke nan, kuma ba ta da faranti da za ta zauna a kai. Haƙori ɗaya ya kama kullin katako, ta dawo kanka, cinya ko fuska. Murfinta kada ka cire. Faifan yankan ƙarfe ma yana da ranar lalacewa a zoben tsakiya, ka duba, wanda ya sha ruwa ko ya tsage ka jefar. Tabarau kuma dole. In wani abu ya faɗa ido, kada ka murza, kada a sa maka tsinke, asibiti kai tsaye.

Ga mai kujeru nan ya iso. Ƙanena, gobe bayan la'asar ka kawo injin shago in duba maka burushin cikin motarsa da wayar, tsohon inji sau da yawa nan ne ciwonsa. Sai an jima.