Tambaya da Amsa: Yaya Ake Furta Sunan Tafkin Sabine?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai karanta labarai ce a sashen Turanci na wani gidan rediyo. Kwanan baya wani rahoto kan guguwar teku a kudancin ƙasar Amurka ya ambaci wani tafki mai suna Sabine, wanda ke kan iyakar jihohin Texas da Louisiana. Na karanta shi "Sabain", abokin aikina ya ce "Sabin" ne, muka yi ta ja-in-ja. Wanne ne daidai? Sannan Sabine Lake ake cewa ko Lake Sabine?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abokin aikinki ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma da sauran gyara. Mutanen yankin "sa-BIIN" suke cewa. Gaɓar farko gajeruwa ce, ana wucewa da ita da sauri, nauyin murya yana sauka a kan ta biyu, a ja wasalin "i" ɗin. Harafin "e" na ƙarshe ba a furta shi. Idan kin iya cewa machine da marine da magazine, to kin iya wannan, domin ƙarshensu ɗaya.

Na fahimci abin da ya kai ki ga "Sabain", kuma ba zan kira shi sakaci ba. Kunnenki ya saba da divine da combine. Bugu da ƙari, akwai wata kalma mai rubutu iri ɗaya sak wadda ake furta ƙarshenta "bain", wato sunan wata tsohuwar al'umma da ta yi maƙwabtaka da Rumawa a Italiya tun kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam. Ita Turawan Ingila kan ce "SA-bain", Amurkawa kan ce "SEI-bain". Wanda ya buɗe ƙamus cikin gaggawa, ita zai fara cin karo da ita. Amma tafkin ba daga can ya samo sunansa ba. Ya ci sunan Kogin Sabine da ke kwarara cikinsa, shi kuma kogin Sifaniyawa ne suka raɗa masa Río de Sabinas, saboda wasu manyan itatuwan fadama da suka yi yawa a gaɓarsa, waɗanda suke kira sabina. A bakin Basifaniye harafin "i" kullum "i" ne, ba ya rikiɗewa zuwa "ai". Da Turanci ya mamaye yankin sai rubutu ya ɗan sauya, wasalin ya tsaya a inda yake.

Dalilin da Sifaniyawa suka shigo maganar kuwa tarihi ne. Bayan Amurka ta sayi Louisiana daga hannun Faransa a 1803, an yi ta taƙaddama kan inda ƙasarta ta tsaya da inda Texas ta Sifaniya ta fara. Yarjejeniyar 1819 tsakanin Amurka da Sifaniya ce ta tsai da Kogin Sabine a matsayin iyaka. Shi ya sa yau layin da ya raba jihohin biyu ya ratsa tafkin: birnin Port Arthur na Texas a yamma, fadamun Cameron na Louisiana a gabas.

Tambayarki ta biyu: ki ce Sabine Lake, shi ne sunan da ke kan taswirorin gwamnatin Amurka. Ba wata tsayayyar ƙa'ida a Turanci da ta ce Lake ya zo gaba ko baya. A Louisiana kaɗai akwai Lake Pontchartrain kusa da New Orleans, ga kuma Calcasieu Lake can gabas da wanda muke magana a kai. Kowanne da yadda aka saba kiransa, sai dai a haddace. Kada kuma ki sa "the" a gabansa. Koguna ne ke ɗaukar wannan kalma, shi ya sa ake cewa the Sabine River, kuma idan kika ce the Sabine kawai, mai sauraro kogin zai fahimta. A labaran Hausa, Tafkin Sabine ya wadatar.

Abu ɗaya nake so ki riƙe idan rahoton guguwa ya sake zuwa. Tafki ne a suna, amma ba rufaffe ba ne. Tsawonsa kusan kilomita 23, faɗinsa kusan 11, kuma yana haɗe da Tekun Meziko ta wata mashiga da ake kira Sabine Pass, don haka ruwansa gauraye ne da na gishiri, ambaliyar teku ma ta nan take shigowa. Kusa da mashigar ne guguwar Rita ta faɗa tudu a watan Satumba na 2005. Furucin Sabine a sunan mashigar ɗaya ne da na tafkin.

Kuma ki shirya wa kogi na biyu da ke zuba cikin tafkin, domin sau da yawa tare suke fitowa a rahoto. Neches ake rubutawa, "NEI-ciz" ake furtawa, nauyin a kan gaɓar farko.