Tambaya da Amsa: Katangar makabartarmu ta zube, wa zai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Garinmu ƙarami ne a gefen Kano, yanzu ma birni ya haɗiye mu. Makabartarmu tun ta kakanni ce, daminar bana katangar gabas ta zube, kaburbura sun rufta, awaki na shiga, yara sun mai da wajen hanyar yanke. Mun kai kuka ƙaramar hukuma har sau biyu shiru kake ji. Don Allah gyaran nan haƙƙin wa ne?
Daga wani mai karatu a Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Eh ƙaramar hukuma na da nata haƙƙin, ku ci gaba da bibiya kar ku gaji, amma in kuka ce sai ta zo, wallahi wata daminar za ta same ku a haka.

Ka fara da tarihin filin. Da can bayan gari ake yanke maƙabarta, wani mai gona ya bayar waƙafi a gaban dagaci da liman, ba takarda ba komai, iyakar ma wata aduwa ce ko kuka. To gari ya taso ya zagaye ta, dubi makabartar Dandolo a Goron Dutse ko ta Tarauni yadda gidaje suka kewaye su. Yau aduwar nan an sare, dattijan da suka san iyaka suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa za ka wayi gari ka ga wani ya ɗan ciyo taku uku ya kafa shago. Ku zauna da tsofaffin da suka rage da mai unguwa a taka iyakar a rubuta a sa hannu tun kafin a sayi bulo ko ɗaya.

Sannan ni a ganina ruwa ne babban abokin gabarku ba akuya ba. In ba a yi wa ruwa hanya ba ko katangar siminti kuka yi zai ci ta ta ƙasa. Kabari kuma yana ruftawa ne in itacen da aka jera ya ruɓe ko tukwanen suka farfashe, sai ƙasa ta zauna, maganinsa ciko, tifa ɗaya ta jar ƙasa da gayyar matasa ranar Asabar da shebur da baro ta yi aiki mai yawa. Kar dai a ce za a shafe kaburburan da siminti, hadisin Jabir a Muslim ya hana shafe kabari da gini a kansa da zama a kai.

Masu haƙa kabari fa? Sai a Afrilun 2020 da aka yi ta rashe-rashe a Kano mutane suka tuna da su, alhali kullum suna can cikin rana da diga, galibinsu ɗan abin da masu gawa suka miƙa ne abincinsu. In kun kafa kwamiti ku sa su a ciki, su suka san inda ruwa ke kwanciya da layin da ya cika. Asusun kwamitin kuma a riƙa karanto shi a masallaci bayan Juma'a, shiga da fita, har kuɗin kwan fitilar sola.